Babi na Bakwai: Gasar Yaro, Tafiyar Iyali

"Kocin yaronmu ya aiko cewa ƙungiyarsu za ta je gasar besbol a wani gari mai nisa idan an yi dogon hutu. To, mu ɗunguma gaba ɗaya mu mai da abin hutun iyali, ko kuwa babansa ya raka shi shi kaɗai?" Duk iyayen da suka sa ɗansu a wasan besbol a Amurka, ko ba daɗe ko ba jima sai wannan tambaya ta iso gidansu. Takan zo ne idan yaro ya kai shekara 11 ko 12, domin gasannin yara da suka fi suna na masu waɗannan shekarun ne. Kuma takan zo tare da farashi da wa'adin biya.

Amsar ita ce ana iya haɗawa, har tafiyar ta zama abin da yara za su riƙa ba da labarinsa bayan sun girma. Amma da sharaɗi. Dole iyaye su gane tun daga gida cewa kaya biyu suka ɗauko. Akwai gasa, wadda ta yaro ce da ƙungiyarsa. Akwai kuma tafiya, wadda kowa a gidan yake da haƙƙi a cikinta. Iyalin da suka rataya daɗin tafiyarsu a kan sakamakon wasa sun ba da hutunsu ga abin da ba su da iko a kai. Shirin kirki shi ne wanda zai tsaya da ƙafafunsa ko an ci, ko an sha kashi, ko ruwan sama ya hana wasa.

Wace irin gasa ce?

Kafin a taɓa aljihu, a fara sanin irin gasar, domin iri uku ne kuma shirinsu ya bambanta.

Ta farko ita ce gasar ƙarshen mako. Ƙungiyoyin da iyaye ke ɗaukar nauyinsu, masu yawon buga wasa gari-gari, sukan taru a fili guda daga Juma'a ko Asabar zuwa Lahadi. Kwana biyu ko uku ne, kuma kusan duk lokacin yana ƙarewa a bakin fili. Irin wannan ba ta cika barin sarari don yawon buɗe ido ba, sai in an ƙara kwana a gaba ko a baya.

Ta biyu ita ce gasar mako guda, kuma wadda ta fi shahara ita ce ta yankin Cooperstown a jihar New York. Cooperstown ƙauye ne a bakin tafkin Otsego, mazaunansa ba su kai 2,000 ba, amma a nan ne babban gidan tarihin gwanayen besbol na Amurka yake tun 1939. Kusa da shi akwai Cooperstown Dreams Park, wanda tun 1996 yake karɓar ƙungiyoyin yara 'yan shekara 12 zuwa ƙasa, wajen ƙungiya 100 a zubi guda, zubi bayan zubi har hutu ya ƙare. A garin Oneonta da ke kudu da shi akwai wani makamancinsa, Cooperstown All Star Village. A duka biyun yara suna kwana a ɗakunan sansani tare da kociyoyinsu, iyaye kuma su nemi nasu masaukin a waje. Ƙungiya takan san makonta tun watanni da yawa kafin lokaci, shi ya sa wannan ta fi kowace sauƙin haɗawa da hutu.

Ta uku ita ce hanyar Little League, ƙungiyar da Carl Stotz ya kafa a garin Williamsport na jihar Pennsylvania a 1939. A nan ba a sayen gurbi da kuɗi. Ƙungiya tana farawa daga gasar gunduma, in ta ci ta wuce gaba, zuwa ta jiha, zuwa ta shiyya, sannan gasar duniya da ake yi a Williamsport a watan Agusta tun 1947. Daga 2022 ƙungiyoyi 20 ke zuwa, 10 daga Amurka, 10 daga sauran ƙasashe. Iyayen da ke kan wannan hanya ba su san inda za su kwana mako mai zuwa ba sai an tashi wasan yau.

Agogo yana hannun wasu

Zuwa gasa kamar zuwa bikin wasu ne: kai ka biya kuɗin mota, kai ka nemi izini a wurin aiki, amma ba kai ke sa lokacin ɗaurin aure ba. Wanda ya karɓi wannan gaskiyar tun da wuri ya rage wa kansa rabin ɓacin rai.

Yawancin gasanni suna farawa da wasannin rukuni, inda kowace ƙungiya take da tabbacin buga wasu adadi na wasanni. Jadawalin waɗannan yakan fito 'yan kwanaki kafin a fara. Daga nan sai a jera ƙungiyoyi gwargwadon ƙoƙarinsu a shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale, inda duk wanda aka doke ya tattara kayansa. A wasu gasannin sai an doke ka sau biyu kake fita. Lokacin wasan wannan zagaye ba a saninsa sai an gama na rukuni, wani sa'in cikin dare. Ƙungiya na iya fita da hantsi, tana kuma iya kaiwa wasan ƙarshe bayan magariba.

Wasan yara zagaye shida ne, yakan ci awa ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma koci zai so yara su iso da kamar awa guda kafin a fara don motsa jiki. Idan akwai wasa biyu a rana, da tazara a tsakani, ranar ta tafi ke nan. Ga kuma sama. Ba a buga besbol cikin ruwa mai ƙarfi, kuma ƙa'idar da aka saba bi ita ce in aka ji tsawa ko aka ga walƙiya kowa ya bar fili, a jira minti 30 daga tsawa ta ƙarshe. Ruwan awa guda da rana na iya tura wasan la'asar zuwa dare, na dare zuwa asubar gobe.

Abin da wannan ke nufi ga mai shiri abu uku ne. Kada a sayi tikitin wani wurin shaƙatawa mai ƙayyadadden lokaci a ranakun gasa. Kada a sa jirgin komawa gida a yammacin ranar ƙarshe, a bar shi zuwa washegari. Sannan a ware wa iyali kwana ɗaya ko biyu nasu na kansu. Ya fi kyau su zo bayan gasa, domin yaron da ya yini yana yawo a rana kafin wasan farko zai shiga fili a gajiye, kuma hankalinsa ba zai kwanta ya ji daɗin yawon ba alhali gasa na gabansa.

A fara da lissafi

Kuɗin da koci ya ambata a taron iyaye kuɗin yaro ne kawai. A sansanonin Cooperstown kuɗin kowane ɗan wasa ya haura dala 1,000, ya ƙunshi kwanansa da abincinsa da rigunan wasa. Kuɗin kociyoyi ma yawanci a kan iyaye ake raba shi. Duk wannan kafin a zo kan sauran iyali: masauki na mako guda a lokacin da kowa ke nema, man mota ko tikitin jirgi da hayar mota, kuɗin da ake biya a manyan tituna, abinci sau uku a rana, da albashin kwanakin da uba ko uwa ba su je aiki ba in aikin na biyan awa ne. Akwai kuma ƙananan abubuwan da ake mantawa, kamar bajojin ƙarfe masu tambarin ƙungiya da yara ke musanya da na wasu ƙungiyoyi. Wannan al'ada ce mai ƙarfi a Cooperstown da Williamsport, kuma yaron da ya je hannu rabbana zai ji an bar shi a baya.

A zauna a rubuta duka a takarda guda, miji da mata tare, kafin a ce wa koci "to". Da yawa daga cikinmu baƙi a Amurka muna da nauyin da sauran iyayen ƙungiya ba su da shi: kuɗin da ake aikawa gida kowane wata, kuɗin makarantar ƙanne, tanadin zuwa ganin iyaye. Ba abin kunya ba ne a ce bana mutum ɗaya zai raka yaro. Daidai ruwa daidai tsaki. Ƙungiyoyi da dama suna fara tara gudummawa shekara guda kafin tafiya, ta hanyar wankin motoci da sayar da abinci da neman tallafin 'yan kasuwar unguwa, kuma shiga wannan aiki da wuri yana rage nauyi sosai. Abin da ya kamata a guje masa shi ne ɗora tafiyar kan katin bashi da fatan Allah ya kawo, domin gasa mako guda ce, bashin kuwa yana iya kaiwa wata shekara.

Gasar duniya ta Williamsport ta bambanta ta wannan fuska. Little League ke ɗaukar nauyin tafiya da masauki da abincin ƙungiyoyin da suka cancanta, kuma shiga kallo kyauta ne. Iyaye dai su ke biya wa kansu hanya da wurin kwana. Saboda haka ko iyalin da ɗansu bai kai can ba suna iya zuwa kallo na kwana biyu, daga birnin New York tafiyar kamar awa uku da rabi ce a mota.

Inda za a kwana

Masauki shi ne abin da ke fara ƙarewa. Ƙaramin gari ba ya iya ɗaukar dubban baƙi a lokaci guda, shi ya sa gidajen haya na kusa da filayen Cooperstown ake kama su tun watanni da yawa, wasu tun shekara guda kafin lokaci. A ƙarshen watan Yuli kuma ana bikin shigar da sababbin gwanaye cikin gidan tarihi, dubban mutane su cika yankin. Duk wanda makonsa ya faɗa kusa da wannan biki sai ya ƙara sauri. A Williamsport ma haka ne, wasu baƙi sai a garuruwan da ke nesa da wajen awa guda suke samun ɗaki.

A gasannin ƙarshen mako akwai wata ƙa'ida da ke ba sababbin iyaye mamaki. Masu shirya gasa da yawa suna shardanta cewa ƙungiyar da ta zo daga nesa sai ta sauka a otal-otal da ke cikin jerinsu, ta hanyar wakilinsu, in ba haka ba a hana ta wasa. A tambayi koci wannan kafin a kama ɗaki a wani wuri don arha.

Ga iyali mai yara, gida mai ɗakin girki da injin wanki ya fi ɗakin otal. Iyalai biyu da suka saba da juna suna iya haɗuwa su kama gida guda su raba kuɗin. A duba nisansa da fili da minti, ba da mil kawai ba, saboda hanyoyin karkara ne masu lanƙwasa kuma za a yi zirga-zirga sau biyu ko uku a rana. Sannan a karanta sharaɗin fasawa da kyau. Yaro na iya jin rauni mako guda kafin tafiya, kuma ɗakin da ake iya fasawa ba tare da asara ba, ko ya ɗan fi tsada, ya cancanci kuɗinsa.

Takardu da kayan wasa

Gasar yara a kan shekaru aka gina ta, don haka masu shiryawa ba sa wasa da takardar haihuwa. A 2001 wata ƙungiya daga Bronx ta zo ta uku a Williamsport, daga baya aka gano babban mai jifarta ya kai shekara 14, aka soke duk nasarorinta. A 2011 wata ƙungiyar yara daga Kampala ta Yuganda ta cancanci zuwa gasar duniya, amma aka hana ta bizar Amurka saboda saɓani a takardun yaran. Sai a 2012 ƙungiyar Lugazi, ita ma daga Yuganda, ta zama ta farko daga Afirka da ta taka filin gasar. Darasin ya shafe mu kai tsaye. Idan an haifi yaro a gida aka zo da shi, a tabbata sunansa da ranar haihuwarsa iri ɗaya ne a takardar haihuwa da fasfo da rajistar makaranta. Bambancin rubutu tsakanin Muhammad da Mohammed, ko tsakanin rubutun Faransanci da na Turanci, a warware shi tun a gida. A kuma san ranar da gasar ke ƙirga shekaru daga gare ta, domin Little League tana amfani da 31 ga Agusta, wasu hukumomin kuma ƙarshen Afrilu.

A tafi da katin inshorar lafiya da takardar likita, da maganin da yaro ke sha a cikin kwalinsa na asali idan zai kwana a sansani. Sandar bugu ma tana da doka. Tun 2018 Little League ba ta karɓar sandar ƙarfe sai mai hatimin USA Baseball, alhali gasannin wata hukuma mai suna USSSA suna da nasu hatimin. Sanda mai tsada da ba ta da hatimin da ake so, alƙalin wasa zai fitar da ita. Idan da jirgi za a tafi, safar kama ƙwallo da takalmi da rigar wasa su zauna a jakar hannu, sanda kuma ta bi manyan kaya, tunda ba a shiga da ita cikin jirgi.

Abinci da ibada

Abincin bakin fili a Amurka yawanci burodi ne da tsiren niƙaƙƙen nama, wanda sau da yawa akwai naman alade a ciki, ga kuma tsada. Iyalin da suka zo da kula cike da ruwa da 'ya'yan itace da abincin da aka dafa a masauki sun huta ta fuska biyu. Wasu filayen suna hana shiga da abinci, to sai a bar shi a mota a fito a ci. Nama na halal a saye shi tun daga gida ko a babban gari na kan hanya. Albany tana da nisan kamar awa ɗaya da rabi daga Cooperstown, Utica kuma kamar awa guda, kuma dukansu suna da al'ummar Musulmi da masallatai. Yaron da zai ci a sansani, a rubuta wa masu sansanin abin da ba ya ci tun wurin cike takardu, a kuma gaya wa koci baki da baki.

Batun salla ma a tattauna shi kafin a tashi. A mazhabar Malikiyya da akasarinmu muka tashi a kai, matafiyin da ya yi nisan mil 48 yana yin kasaru, amma in ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri guda sai ya cika. Ke nan hukuncin gasar ƙarshen mako daban yake da na zaman mako guda. A tambayi malami, a kuma nuna wa yaro yadda zai tsara sallolinsa tsakanin wasanni, tunda a sansani ba mai tashinsa. Iyalan Kirista su ma su san cewa safiyar Lahadi lokacin wasa ce a kusan kowace gasa, su tsara ibadarsu da wannan sani.

Haƙƙin sauran yara

Yarinya 'yar shekara bakwai ba za ta iya zama awa shida a kan benci cikin rana tana kallon wasan da ba ta gane ba. Idan aka tilasta mata, abin da za ta koya shi ne cewa a gidansu lokacin wanta ya fi nata daraja. Wannan illa ta fi kowace asarar kuɗi daɗewa.

Maganinsa rabon aiki ne. Yau uba ya zauna a fili, uwa ta fita da ƙanne, gobe a sauya. A ba kowane yaro damar zaɓen abu guda da za a yi dominsa, a kuma cika alkawarin. A Cooperstown akwai wurin wanka a bakin tafki a gandun Glimmerglass, da gidan tarihin manoma mai dabbobi da tsofaffin gine-gine, da kogon Howe da ake shiga ƙarƙashin ƙasa, kamar awa guda daga ƙauyen. A Williamsport akwai tudun da ke bayan filin wasa na Lamade inda yara ke zamiya a kan kwali, da jirgin ruwan yawo a kogin Susquehanna, da wurin wasan Knoebels mai nisan kamar awa guda, inda shiga kyauta ne, abin da aka hau kawai ake biya.

Hannun yaro ya fi kofi

Akwai abu ɗaya da iyaye ba za su bar wa koci shi kaɗai ba, wato lafiyar yaro. Jifa mai yawa tana lalata gwiwar hannu da kafaɗar yaron da ƙashinsa bai gama ƙwari ba. Shi ya sa tun 2007 Little League ta sa iyaka: ɗan shekara 11 ko 12 ba zai wuce jifa 85 a rana ba, kuma in ya yi 66 ko fiye sai ya huta kwana huɗu kafin ya sake jifa. Ba kowace gasa ke da doka mai tsauri haka ba, kuma idan wasanni suka yi yawa a kwanaki kaɗan, kwaɗayin nasara kan sa a riƙa maimaita yaro guda. Uba ko uwa su riƙa ƙirga jifan ɗansu da kansu. In ya ce hannunsa na ciwo, magana ta ƙare, ko wasan ƙarshe ne. A kula da ruwan sha da inuwa, musamman ga yaron da ke tsugune bayan mai bugu sanye da kayan kariya masu nauyi.

Ranar da aka fitar da su

A gasa mai ƙungiya 100, guda ɗaya ce ke komawa gida da kofi. Don haka mafi kusantar abin da zai faru shi ne wata rana yaronku zai fito daga fili idonsa ya yi ja. Wannan rana ma tana cikin abin da ake shiryawa. Kada a mai da mota ɗakin shari'a, ana lissafa masa ƙwallon da ya kuskure ko kuɗin da aka kashe. A bar shi ya yi baƙin cikinsa, a ba shi abinci, a bar shi ya yi sallama da abokansa. Washegari a tashi a cika alkawarin da aka yi wa iyali, shi ma yana ciki. Da haka yake gane cewa an zo ne saboda shi ɗan gidan ne, kuma matsayinsa bai ragu ba don an doke su.

Iyalin da suka yi lissafi da gaskiya, suka bar sarari a jadawali, suka ba kowane yaro rabonsa, za su dawo da abin da suka je nema ko yaya wasan ya kaya. Sai dai bayan an dawo, wata tambaya takan taso, musamman idan yaro ya nuna hazaƙa kuma koci ya fara maganar gasa ta gaba. Iyaye da yawa suna jure wannan kashe kuɗi ne da begen wata rana besbol zai kai ɗansu jami'a kyauta. Yaya gaskiyar wannan bege take, kuma a ina ya kamata a ja layi tsakanin fili da aji? Abin da babi na gaba zai duba ke nan.